Jarrabawar Nafis da Karatun 'Ya'yanmu a Makarantun Makka

Duk mai yaro a makarantar gwamnati a Makka yana gane cewa jarrabawar Nafis, wato jarrabawar ƙasa da ake auna makarantu da ita, ta ƙarato ko da ba a faɗa masa ba. Saƙonni suna yawaita a zauren WhatsApp na iyaye, takardun gwaji suna biyo yara gida kusan kullum, shugaban makaranta yana roƙon kada kowa ya yi fashi, malamai kuma ba su da wata magana sai ta abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshen kowane aji. Shekara goma da suka wuce babu wannan hada-hada. Yaro zai karɓo sakamako mai kyau a ƙarshen zango, uba ya sa albarka, magana ta ƙare. Yanzu kuwa makarantar ce da kanta ake aunawa, ana kuma auna hukumar ilimin da take sama da ita, a jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe kowa ya gani. A ganina wannan sauyi alheri ne. Sai dai akwai wata matsala da ma'aunin yake nunawa ba tare da ya bayyana dalilinta ba, kuma ta shafi gidajenmu na Hausawa fiye da yadda muke son amincewa.

Abin da ya tayar da hukumomi daga barci ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2018 Saudiyya ta shiga gwajin PISA karo na farko, wato gwajin da OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, take yi wa 'yan shekara goma sha biyar a ƙasashe da dama, inda ta samu maki 399 a fahimtar karatu, 373 a lissafi, 386 a kimiyya. Da aka sake yi a 2022 lissafi ya hau zuwa 389, kimiyya ta kai 390, amma fahimtar karatu ta sauko zuwa 383, alhali matsakaicin makin ƙasashen ƙungiyar a wannan fanni 476 ne. Ƙasar da ilimi yake cikin sassan da suka fi samun kaso mai tsoka a kasafinta na kowace shekara ba za ta ga irin waɗannan alkaluma ta naɗe hannu ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a daidai waɗannan shekaru takardun sakamakon da yara suke kawowa gida cike suke da yabo, kusan kowa gwani ne. Ashe ko dai takardar makaranta ba ta faɗin gaskiya, ko kuma abin da take aunawa daban yake da abin da ake aunawa a waje.

Akwai tarihi a bayan wannan. Shekaru masu yawa makarantun firamare sun yi aiki da tsarin da malami yake tantance ɗalibi a hankali cikin shekara, ba tare da rubutacciyar jarrabawar ƙarshen zango ba. Manufar tana da kyau, amma a aikace yaro yakan wuce aji zuwa aji ba tare da wani daga waje ya taɓa duba ko ya iya karatu ba, har aka dawo da rubutacciyar jarrabawa a 2019. Ba a gama daidaita wannan ba annobar korona ta zo. An rufe makarantu ranar 9 ga Maris 2020, karatu ya koma manhajar Madrasati da tashoshin talabijin na Ain, 'yan firamare kuma ba su koma aji ido da ido ba sai a watan Janairun 2022. Yaran da suka shiga aji ɗaya a ƙarshen 2020 ta fuskar waya suka koyi alif da ba. A gidan da kowane yaro yake da kwamfutarsa da ɗakinsa abin ya zo da sauƙi. A gidan da yara biyar suke jiran wayar uwa guda ɗaya, ita kuma uwar ba ta karanta Larabcin littafi, shekara ɗaya da rabi ta tafi kusan a banza. Waɗannan yara su ne suka kai aji shida a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026.

Cikin wannan yanayi aka soma Nafis a 2022. Hukumar Tantance Ilimi da Horo ce take shirya ta tare da Ma'aikatar Ilimi, ana kuma yin ta a matakai uku: aji uku da aji shida na firamare, sai aji uku na mutawassit, wato ƙaramar sakandare. 'Yan aji uku ana gwada su a karatu da lissafi, manyan kuma a ƙara musu kimiyya. Tambayoyin na zaɓen amsa ne, kuma ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce ga yaro, domin makaranta ake son a san matsayinta. Sakamakon yana shiga ma'aunin Tartib, wanda yake jera makarantu da hukumomin ilimi na yankuna, sannan akwai tantancewar da take raba makarantu zuwa matakai huɗu, a karrama waɗanda suka kai na sama. Uba ma yana iya duba matsayin makarantar ɗansa a manhajar Mustaqbalhum, ko da yake 'yan kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa buɗe ta.

Da zarar an ce za a jera Makka da Riyad da Jidda da Madina a takarda ɗaya, dole hukumar ilimi ta kowane yanki ta tashi haiƙan. Abin da muke gani a makarantun unguwanninmu ke nan. Ana yin gwajin gano rauni a farkon zango, a ware yaran da suka gaza, a rubuta musu shirin gyara, wani lokaci a ƙara musu darasi. Masu duba malamai suna yawan zuwa, kuma tambayarsu ta tashi daga ko malami ya cika littafin shirin darasi ta koma ga abin da yara suka iya. Idan yaro bai zo ba, ana shigar da fashinsa a tsarin Nur, wato rumbun bayanan ɗalibai na ma'aikatar, saƙo ya iso wayar uba tun kafin azahar. Malamai kuwa sai sun ci jarrabawa su samu lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. An gwada raba shekara zuwa zango uku tun 2021, sannan a watan Agustan 2025 majalisar ministoci ta amince a koma zango biyu, da sharaɗin kada kwanakin karatu su gaza 180. Ma'aikatar ta kuma shiga rage hukumomin ilimi daga 47 zuwa 16 tare da soke ƙananan ofisoshin da suke tsakanin hukuma da makaranta, domin shugaban makaranta ya ƙara samun ikon yanke shawara.

Ya kamata a yaba abin da ya cancanci yabo. Makka gari ne na duwatsu da tsadar fili, shi ya sa wasu makarantun sun daɗe a gidajen haya da ba a gina su don karatu ba, ɗakuna ƙanana, babu filin wasa, wasu ma da yamma suke karatu saboda ƙarancin gini. Irin wannan makaranta a da tana iya shekaru ba wanda ya san halin da take ciki, tun da takardunta suna nuna kowa ya ci. Yanzu idan makinta ya yi ƙasa, dole wani ya taso daga ofis ya hau dutsen ya ga abin da ke faruwa. Ko da Nafis ba ta yi komai ba sai wannan, ta yi abin kirki.

Inda nake da magana shi ne abin da mai zuwan zai tarar, da kuma maganin da zai rubuta.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan gari. Kakannin wasu a ƙafa suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suka yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, kafin su tsallaka teku daga Sawakin zuwa Jidda. Jikokinsu da yawa 'yan ƙasa ne, masu laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi, a cikinsu akwai malamai da likitoci da jami'an gwamnati, kuma a gidaje da dama Larabci ya riga ya maye gurbin Hausa. Amma akwai wani rukuni mai yawa, masu zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, da waɗanda iyayensu mata daga gida aka auro su, inda har yau da Hausa ake tashi da ita ake kwana. Yaron irin wannan gida yana rayuwa ne da harshe uku. Da Hausa yake magana da mahaifiyarsa da kakarsa, da Larabcin Hijaz yake wasa a lungu yake sayen burodi a kanti, sannan ranar da ya shiga aji ɗaya a miƙa masa littafi da Larabcin fusha, wanda ba wanda yake magana da shi a ko'ina sai liman a huɗuba da mai karanta labarai. Ɗan Balarabe ma yana fama da tazarar da ke tsakanin harshen gida da na littafi, amma shi mataki ɗaya zai taka, domin yawancin kalmomin yana da tushensu a kunnensa. Namu mataki biyu ne a gabansa, kuma Larabcin titin da ya iya bai wuce na wasa da ciniki da faɗa ba.

Abin da yake ɓoye wannan rauni, kuma a nan nake so a fahimce ni da kyau, shi ne wata baiwa da muke alfahari da ita. Da wuya ka samu gidan Bahaushe a Makka da ba ya tura yaransa halkar haddar Alƙur'ani a masallaci bayan la'asar. Saboda haka yaronmu yakan shiga aji biyu ya riga ya san baƙi da wasali, harshensa ya karye, yana fitar da kowane harafi daga mafitarsa fiye da yawancin 'yan ajinsu. Idan malami ya ce ya tashi ya karanta, sai ya zuba karatu tiryan-tiryan, malami ya ce Masha Allah, ya ba shi cikakken maki, ya juya ga wanda yake in'ina. Babu wanda ya tsaya ya tambaye shi abin da ya karanta.

Na ga wannan da idona a kan ɗan ƙanwata, lokacin yana aji uku. Ya zo da takardar gwaji mai ɗauke da ɗan gajeren bayani a kan ƙudan zuma, yadda suke raba aiki a cikin amya, da dalilin da ya sa manoma suke son su kusa da gonakinsu. Na ce ya karanta mini. Ya gyara zama ya tanƙwashe ƙafa yadda suke yi a halka, ya ɗora yatsa a kan layi, ya karanta daga farko har ƙarshe ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har yana jan madda inda ta dace. Da ya gama na tambaye shi me ya sa manomi yake murna idan zuma ta sauka kusa da gonarsa. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya sake karanta layin farko da ƙarfi ko amsa za ta faɗo, sannan ya ce, "Kawu, ai malam cewa ya yi mu karanta, bai ce mu faɗi abin da ke ciki ba." Na ɗauki takardar na ba shi labarin da Hausa, jimla bayan jimla. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni ya ce ai saboda zuma tana ɗaukar garin fure daga wannan itace ta kai wancan ne, shi ya sa suke yin 'ya'ya. Ya amsa sauran tambayoyin duka, har da wadda take neman a ciro abin da ba a faɗa ƙarara ba. Kwanyarsa lafiya lau take. Kalmomi bakwai ko takwas ne a cikin bayanin bai taɓa jin su ba, kuma su ne suke ɗauke da ma'anar.

Irin wannan yaro idan ya zauna Nafis makinsa zai yi ƙasa a karatu, zai kuma yi ƙasa a lissafi, ba don bai iya tarawa da ɗebewa ba, sai don tambayar an saka ta cikin labari: wani ya sayi kaza, ya raba wa mutum kaza, nawa ya rage. Idan ka rubuta masa lambobin tsirara zai warware su nan take. A aji shida kimiyya za ta shigo ta same shi da ciwon nan guda. Takardar da za ta koma ofis za ta ce makarantar tana da rauni a fanni uku, alhali rauni ɗaya ne ya fito ta ƙofa uku.

To, wane magani ake bayarwa? Mafi sauƙi, wanda kuma matsin jerin sunaye yake tura kowace makaranta gare shi, shi ne yawaita takardun gwaji. A koya wa yaro siffar tambaya, yadda ake cike da'ira, yadda ake watsar da amsoshi biyu da ba su yi kama ba a zaɓi ɗaya cikin biyun da suka rage. Wannan yana ɗaga maki kaɗan, ba na musu, kuma yaro yana da haƙƙin ya san siffar jarrabawar da zai shiga. Amma idan aka cinye makonni ana wannan, aka ɗauke lokacin darasin zane da na motsa jiki aka ba shi, yaron kuma ya fito bai ƙaru da kalma ko ɗaya ba, an yi kitso da ƙwarƙwata. Wata 'yar baffana da take koyar da ƙananan azuzuwa a wata makarantar gwamnati ta taɓa ce mini, "Yaya, tun makon farko na san waɗanda ba sa gane abin da nake faɗa, ba sai an kawo mini sakamako daga Riyad ba. Abin da ba ni da shi lokaci ne. Yara sun haura talatin, ga manhaja dole in gama, ga rahoton shirin gyara da zan cika in ɗora hotuna. Lokacin da zan zauna da yara biyar in karanta musu labari mu tattauna, shi ne nake kashewa wajen rubuta cewa na zauna da su." Ban ji bayanin da ya fi wannan fito da matsalar fili ba.

Ita ma'aikatar ta san cewa a ƙananan azuzuwa ake cin wannan yaƙi ko a faɗi. Tun 2019 ta fara miƙa koyar da yara maza na aji ɗaya zuwa uku ga malamai mata a makarantun da aka keɓe don haka, kuma buƙatar a fili take, domin ko a gwajin PISA na 2018 'yan mata sun zarce maza da fiye da maki 50 a fahimtar karatu. Wasu iyayenmu maza sun yi ta gunaguni a lokacin, amma ni ban ga abin ƙi ba, kuma yaran da na sani da suka bi ta hannun malamai mata sun fi sakin jiki su yi tambaya. A gwajin PIRLS na karatun 'yan aji huɗu makin ƙasar ya tashi daga 430 a 2016 zuwa 449 a 2021, ko da yake a karo na biyun an jinkirta gwajin saboda annoba har yaran suka shiga aji biyar, don haka sai a yi taka-tsantsan wajen murna. Abin da bai kwanta mini ba shi ne shigo da Turanci tun daga aji ɗaya da aka yi a 2021. Ga yaron da ya yi shekara biyu a rauda, wato makarantar share fagen firamare, iyayensa kuma suna karanta masa littafi kafin barci, wannan ƙari ne mai amfani. Ga namu da bai taɓa shiga rauda ba, harshe na huɗu ne aka aza masa tun bai tsaya da ƙafarsa a na uku ba.

Ba duka laifin yake wuyan makaranta ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar haka ne. Maganar fashi tamu ce. Makka gari ne da ba ya barci da wuri, mu kuma mun ƙara da namu: biki sai a kai tsakar dare da yara a hannu, ranar Alhamis a ce ai ƙarshen mako ne, makon da ke gaban hutu da wanda ke bayansa kuma kowa ya ɗauka ba a komai a cikinsu. Tun 2022 karatu ya dawo cikin Ramadan bayan shekaru goma sha huɗu ana samun hutu a lokacin, kuma a wannan gari watan azumi shi ne kakar nema, manya suna wajen aiki da masu Umra har asuba, yara suna farke har sahur, da safe a rasa mai tayar da wani. Ga kuma tafiya gida. Iyali za su tafi Kano ko Maraɗi hutun ƙarshen shekara, su ƙara mako uku saboda tikiti ya fi araha ko saboda auren wata 'yar uwa, su dawo an riga an wuce haruffa goma. Hukuma ta yi la'akari da yanayin garin, shi ya sa a 2025 makarantun Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if suka koma ranar 31 ga Agusta, mako guda bayan sauran yankuna, saboda hidimar aikin Hajji. Abin da ba za ta iya ba shi ne shiga gida ta kashe wa yaro waya da ƙarfe tara na dare.

Akwai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin iyaye da makaranta baki ɗaya, waɗanda babu gurbinsu a ma'auni. Faɗaɗa Harami da manyan ayyukan hanyoyi sun tashi tsofaffin unguwanni da dama da mutanenmu suka daɗe a ciki, iyalai suka watsu zuwa bayan gari, yaro ya sauya makaranta a tsakiyar shekara, wani ma sau biyu. Haka aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021, inda aka rushe unguwanni masu yawa. Harajin iyalan baƙi da aka fara a watan Yulin 2017 da riyal 100 a kan kowane mutum duk wata ya kai riyal 400 a 2020, kuma magidancin da yake da mata da yara biyar ya san abin da wannan yake nufi. Wasu sun mayar da yara gida, inda karatu da Turanci ko Faransanci ake yi, daga baya hali ya gyaru suka dawo da su, yaro ya rasa tudun dafawa a can da nan. Wasu kuma sabunta igama ya yi jinkiri, rajistar yaro ta tsaya. Makarantar da take karɓar irin waɗannan yara tana aikin da ya fi na makarantar unguwar masu hali wahala nesa ba kusa ba, amma a jeri ita ce a ƙasa. Duk inda aka ɗaura darajar shugaban makaranta a kan matsakaicin maki, akwai haɗarin ya fara kallon yaro mai rauni a matsayin nauyi. Ban ce ana yi ba, amma mai tsara ma'auni ya kamata ya toshe wannan ƙofa tun kafin a shige ta, ta hanyar ba da nauyi ga nisan da makaranta ta ɗaga yaro daga inda ta same shi.

Da hukumar ilimi ta Makka za ta saurari shawarar uba guda, da na ce ta fara da kunne kafin ido. A makonnin farko na aji ɗaya a karanta wa kowane yaro ɗan gajeren labari da fusha, a tambaye shi da baki abin da ya ji. Wannan ba ya buƙatar na'ura ko kwangila, kuma zai fito da yaran da kyawun karatunsu yake rufe rashin fahimtarsu tun kafin su kai aji uku. Waɗanda aka gano a ba su lokaci na musamman a ƙananan rukunai, a karanta musu, a sa su magana, a rage wa malamarsu cike-ciken takardu gwargwadon lokacin da ta ba su. Hukumar tana da wata dukiya da ba ta cika lura da ita ba, wato malamai 'yan ƙasa da suka tashi a gidajen Hausa da Fulatanci da Barbarci, da ma na Burma da sauran al'ummomin da suka cika wannan gari, tun da matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Malamar da za ta iya yi wa uwa bayani da harshen da take ji a taron iyaye ta fi saƙo goma da aka turo ta waya da Larabcin ofis.

A namu ɓangaren, akwai wani ra'ayi da yake yaɗuwa wanda nake ganin kuskure ne babba. Wasu iyaye da suka ga yaro yana shan wahala sai su yanke cewa a daina yi masa Hausa a gida, uwa ta koma yi masa guntun Larabcin da ta tsinta a kasuwa. Sakamakon shi ne yaron ya rasa harshen da ake yi masa doguwar magana mai ma'ana da shi, bai kuma samu fusha ba, domin abin da uwar take yi ba fusha ba ne. Yaron da kakarsa take yi masa tatsuniya, wanda ya saba bin labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san dalilin da ya sa Gizo ya yi abin da ya yi, ya iya hasashen abin da zai biyo baya, ya riga ya mallaki rabin abin da Nafis take nema, saura kalmomi. Uwar da ba ta karanta Larabci tana iya cewa, "Zo ka karanta mini, sannan ka faɗa mini da Hausa abin da aka ce." Idan ya kasa, ta gano abin da takardar sakamako ba ta faɗa mata ba, sai a nemi yayansa ko maƙwabci ya fassara masa kalmomin. Kuɗin da ake zubawa wajen malamin darasin gida, wanda sau da yawa aikin gida kawai yake yi wa yaro, da an sayi ƙananan littattafan labarai da kaɗan daga cikinsa da ya fi amfani. Malaman halka ma suna da rawar takawa, domin minti biyar na bayanin ma'anar gajeren surar da aka haddace zai saba wa yaro da cewa duk abin da aka karanta yana da abin da yake faɗa.

Abin da ke jiran yaran a gaba ba wasa ba ne. Shiga jami'a a wannan ƙasa ba ya dogara ga sakamakon sakandare kaɗai, ana haɗa shi da jarrabawar Qudurat da ta Tahsili, kuma ɗaya daga sassa biyu na Qudurat na harshe ne: fahimtar nassi, cike gurbin jimla, gano dangantakar kalmomi. A nan ne ɗalibin da ya saba fita da maki casa'in da wani abu a makaranta yake karo da makin da ba ya kai shi ko'ina, iyaye su yi ta mamaki, wasu har su ce hassada ce. Yaran da suka fara karatu ta waya a 2020, a 2026 suke barin firamare su shiga mutawassit, inda kowane darasi yake da malaminsa, kowane malami kuma ya ɗauka an riga an koya musu karatu a baya. Nafis za ta sake samunsu a aji uku na mutawassit a 2029. Tsakanin yanzu da lokacin, sai an samu wanda aka ɗora wa alhakin karatunsu da suna a kowace makaranta, aka kuma ware masa sa'o'i a jadawali, domin malamin kimiyya da na tarihi ba za su ajiye manhajarsu su koma koyar da kalmomi ba.